Yatsan Da Ban Dangwala Ba

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa a kaina idan kun je ƙauye gaisuwa ko biki. Ba a faɗa muku a fuska, amma kuna ji. Hafsatu ta taɓa dawowa daga suna ta yi kwana biyu ba ta dubi idona ba, sai daga baya uwarku ta gaya mini an ce mata ubanta ne ya tsaya wa mai kai wa 'yan daji labari. Ban yi fushi ba. Na ce a raina idan Allah ya ba ni kwana, hannuna kuma ya saba da biro, zan rubuta muku yadda abin ya kasance, ku ji shi daga wurina. Ina rubutawa ne a hankali, layi biyar ko shida a rana bayan na dawo daga kasuwa, don haka ku yi haƙuri da ni.

A shekarar da abin ya faru muna zaune a ƙauyenmu da ke yamma da Runka, kusa da bakin daji. Na haura arba'in ban san harafin boko ko ɗaya ba. Karatun allo na yi, shi ma ban yi nisa ba. Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci kuwa wake ne. Na sayi maganin ƙwari, na kasa karanta abin da aka rubuta a jikin gorar, na zuba yadda na ga dama, rabin gonar ta ƙone kamar an bi ta da wuta. Kunya ta hana ni gaya wa kowa dalili. Da na ji wani ma'aikaci daga Safana, Malam Hamisu, ya buɗe aji na magidanta a Runka bayan la'asar, sai na sayi littafi mai layi da fensir, na ɓoye su a aljihun 'yar shara, na riƙa hawa keke ina zuwa sau biyu a mako.

Malam Hamisu mutum ne siriri mai yawan tari, ba ya ɗaga murya. Wata rana wani ɗan ajinmu, Audu Tela, ya shigo ransa a ɓace. An kore shanun surukinsa, ya yi kwana uku yana yawon ofisoshi. Bai ko buɗe littafi ba ya ce:

"Malam, don girman Allah, wa ke da ƙasar nan? Na je wurin kansila, ya ce abin ya fi ƙarfinshi. Na je sakatariya, an ce mani soja da ɗan sanda ba a hannunsu suke ba. To a hannun wa suke? Ni dai a nuna mani ƙofa ɗaya in buga."

Malam Hamisu ya ajiye alli ya goge hannunsa. Ya ce ba ƙarya aka yi wa Audu ba. Akwai wani littafi da ake kira kundin tsarin mulki, shi ya raba aikin ƙasa gida uku. Soja da 'yan sanda da iyakar ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Jiha tana da nata rabon. Ƙaramar hukuma kuma an bar mata irin su kasuwa da tasha da hanyoyin cikin ƙauye. Ya ce littafin nan yana sama da ciyaman, yana sama da gwamna, har shugaban ƙasa a ƙarƙashinsa yake. Sannan ya ce an sake raba iko ta wata fuskar: masu yin doka daban, masu aiki da ita daban, masu shari'a daban. Wanda ya kama mutum ba shi ne zai yanke masa hukunci ba, domin wanda ya yi kamu ya riga ya gama shari'a a zuciyarsa.

Audu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"To Malam, a aika wa 'yan daji kwafi ɗaya mana. Ƙila nasu ne bai iso ba."

Aka yi dariya, har shi Malam ɗin, dariyar ta koma masa tari. Da ya lafa sai ya ce:

"Ni ban ce maku ana bi ba. Na ce maku haka aka rubuta. Ku ɗauki fensir."

Ya rubuta layi uku a allo da Hausa, ya ce mu kwafa don hannunmu ya saki. Na ɗaya, ba a hukunta mutum sai an saurare shi a gaban alƙali. Na biyu, wanda ake zargi ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Na uku, ɗan ƙasa yana da ikon zama inda ya so a cikin ƙasarsa, ba a korarsa, ba a ƙwace masa abin hannunsa haka kawai. Ni dai gaskiya ban ɗauke su komai ba sai aikin hannu. Na yi mako guda ina maimaita su a gindin ɗorawar gonata, ina gogewa ina sakewa, har suka zauna mini a kai ba da nufina ba.

Bayan girbi aka kashe Bashiru. Ku manyan kun san shi, ƙananan sai dai suna. Ɗan fari ne ga Yaya Mamman, yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Suna dawowa daga kasuwar Batsari a kan babura, su uku, aka tare su a wata ƙorama da rana tsaka. Biyu suka tsira da gudu, shi aka same shi. Ni na rungumo shi a bayan a-kori-kura har gida. Ina so ku san matsayin Yaya Mamman a wurina kafin ku ji sauran. Babanmu ya rasu ina ɗan shekara tara. Yaya ne ya riƙe ni, shi ya yi mini aure, shi ya yanka mini gona a fadama daga cikin tasa. Ban taɓa yi masa musu ba, ko a kan abin da na fi shi sani.

Tun kafin a yi sadakar uku sunan Ɗanlami ya fara yawo. Ɗanlami mai sayar da burodi ne da fetur na kwalba, yana zagaya ƙauyuka da rugage a kan babur. Ba haifaffen garinmu ba ne, daga wajen Zamfara ya zo shekaru da yawa kafin nan, ya auri 'yar garin, ya sayi gona, 'ya'yansa huɗu. Abu biyu aka riƙe a kansa. Da shi za a je kasuwa ranar, da safe ya ce babur ɗinsa ya ƙi tashi. Sannan an gan shi a kan dutsen bayan masallaci yana waya. Dutsen nan kuwa shi ne kaɗai wurin da ake samun sabis a garin. Ni ma a nan nake waya, liman ma haka. Amma a wannan makon babu mai son jin wannan magana.

Garinmu yana da al'ada tun ta kakanni. Idan za a zartar da abu mai nauyi a kan wani, sai kowane magidanci ya sa hannu, don kada gobe a ce gidan wane ne ya yi, gaba ta tsaya a kansu su kaɗai. An ce a da tsakuwa kowa ke jefawa a ƙwarya. A zamaninmu ya koma takarda da tawada, kowa ya dangwala babban yatsa. Sharaɗin shi ne sai an cika. Idan yatsa ɗaya ya rage, mai unguwa ba ya zartarwa, sai dai a kai maganar gaba. A iya sanina ba a taɓa samun wanda ya ƙi ba. Ni kaina na dangwala ba adadi, a kan rikicin burtali, a kan haƙar rijiya, ban taɓa tambayar abin da ke cikin takardar ba.

Da hantsi aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Ɗanlami yana ɗaure a zaure, muna jin matarsa tana kuka daga bayan danga. Ƙanen mai unguwa ya karanta takardar da sauri. Ta ce mutanen gari sun yarda a miƙa Ɗanlami ga matasan da ke sintiri su fita da shi daji su tambaye shi, iyalinsa su bar garin cikin kwana uku, gonarsa kuma a ba matar Bashiru da marayunsa. Kowa a wurin ya san wanda aka fita da shi daji don tambaya ba ya dawowa. Aka fara layi. Yaya Mamman ne ya fara, sai liman, sai dattawa. Ni ma na shiga layi, kuma wallahi da niyyar dangwalawa na shiga.

Da aka zo kaina, sai na ga takarda a gabana, na ga haruffan da na sani. Ban san abin da ya sa na ɗauke ta ba. Ƙila son in gwada kaina ne kawai. Na sa yatsa a ƙarƙashin layin farko na fara haɗa baƙi. Na daɗe. Wani daga baya ya ce:

"Kai ɗan boko, sai ka gama jami'a za mu tafi gona?"

Aka ɗan yi dariya. Ni kuwa na ci gaba. Abin da zan gaya muku shi ne, jin magana daban, karanta ta da kanka daban. Da aka karanta mana da sauri, ta wuce kamar labarin rediyo. Da na bi ta harafi harafi, kowace kalma sai da ta tsaya a bakina. Na kai wurin da aka ce daji, na kai wurin kwana uku, na hango a raina yaran nan huɗu na Ɗanlami a kan hanyar da aka kashe Bashiru. Na duba ko'ina a takardar ban ga inda aka ce ga abin da Ɗanlami ya faɗa ba, don babu wanda ya tambaye shi a gabanmu. Na ajiye ta a kan tabarma, na ce a yi mini haƙuri, ba zan sa hannu ba.

Yaya Mamman ya taso a hankali ya tsaya a gabana. Idanunsa sun yi ja saboda kwanakin da ya yi bai runtsa ba.

"Isiya, sa hannu."

"Yaya, a kai shi hannun hukuma. In shi ne, alƙali ya yanke mashi."

"Wace hukuma? Wadda ta iso bayan mun rufe Bashiru?"

"Ita dai, Yaya. Mu muka kama shi, mu muka zarge shi, mu za mu yanke, mu kuma za mu raba gonar. Ko a kasuwa ba a bar wa mai hatsi shi kaɗai ya auna ya kuma shaida."

"Malamin Safana ya zuba maka wannan? Shi ɗanshi yana ina? Yana cikin gari yana shan shayi. Kai ka riƙe yaron nan ranar kaciyarshi, Isiya. Kai ka ɗauko mani shi cikin jini."

Na sunkuyar da kai ina kuka kamar yaro, amma hannuna yana cikin aljihu. Wasu matasa biyu suka matso, ɗaya ya fizgo hannun ya nufi tawada da shi. A nan mai unguwa, tsoho da ba ya ko iya miƙewa sai da sanda, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku sake shi. Yatsan dole ba yatsa ba ne. Haka na gada, ba kuma a kaina za a sauya ba, ko da ni ma raina yana so."

Ya ce ya ba ni zuwa azahar in je in yi shawara da gidana.

Na tarar da uwarku Lantana tana tankaɗe, labari ya riga ni isa. Ba ta ɗago ba.

"Sannu da zuwa, alƙalin alƙalai."

Na zauna a kan turmi. Ta ci gaba da tankaɗen har garin ya ƙare, sannan ta juyo.

"Baban Hafsatu, ni ban iya karatu ba, amma na iya zaman gari. Wa zai zo mana gayya baɗi? In na haihu wa zai shigo? In ɗayanmu ya faɗi, wa zai ɗauka? Littafin naka zai zo ya haƙa kabari?"

"Ba zai zo ba."

"To?"

"Lantana, in na sa yatsan nan aka kashe shi, da hannun nan zan riƙa cin tuwonki har in mutu."

Ta daɗe tana dubana. Daga nan ta tashi ta kawo mini fura ta ajiye, ta ce in sha tun ana sayar mana da nono. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, har yau, amma ba ta sake cewa in koma in dangwala ba.

Bayan azahar na koma na maimaita abin da na faɗa. Mai unguwa ya sa aka tallafa masa ya hau dutsen bayan masallaci ya yi waya. Kafin la'asar motar 'yan sanda ta zo ta tafi da Ɗanlami. Da za a sa shi a mota ya bi mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya. Bai tsaya a kaina fiye da kowa ba.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi kyau. Shari'ar ta ja wata da watanni. Na je sau biyu, ana ɗagawa. Babu wanda ya je ba da shaida daga garinmu, sun ce su sun gama tasu shari'ar, ni na ɓata. A ƙarshe alƙali ya sallame shi don babu abin da aka tabbatar. Ya aiko aka kwashe masa iyali, ya sayar da gonarsa ta hannun surukinsa, suka yi gabas. Bai zo ya yi mini sallama ba, ban kuma jira ba. Hare-hare ba su tsaya ba bayan tafiyarsa, ba su kuma ƙaru ba. Masu cewa shi ne suka ce ai ya bar wasu a baya. Masu shakka suka yi shiru.

Ni kuma na zama baƙo a garin da aka binne cibiyata. Ba wanda ya zage ni. Da zagi ne da ya fi sauƙi. Idan na yi sallama a majalisa sai a amsa a taƙaice, hira ta mutu har in wuce. A masallaci sai in ga an bar ɗan fili tsakanina da na kusa da ni. Da damina ta zo na kira gayya, Lantana ta dafa abinci na mutum ashirin, mutum biyu suka zo, su ma daga Runka, Audu Tela da ƙaninsa. Muka ci abin da za mu iya, sauran ta rarraba wa yara. Yaya Mamman kuwa idan na gaishe shi sai ya dubi gefe. Na yi shekara guda ina zuwa ƙofar gidansa kowace safiya ina durƙusawa, yana wucewa. Ranar da ya aiko a gaya mini yana son gonar fadama, ban yi gardama ba, tasa ce. A ƙarshen wannan kakar muka ɗaure kaya muka dawo Batsari, muka kama ɗaki biyu, na fara kasa kayan miya a kasuwa. Abin da kuka taso kuka gan ni ina yi ke nan.

Kafin mu taso na je na gaya wa Malam Hamisu duk abin da ya faru. Na ɗauka zai ji daɗi. Sai ya dafe kai da hannu biyu ya daɗe.

"Malam Isiya, ni fa rubutu nake koya maku."

"Ai shi na koya, Malam."

Ya ce in yafe masa. Na ce babu abin yafewa, shi bai aike ni ba. Na sami wani ajin a nan Batsari na ci gaba, shekara uku, har na kai inda nake rubuta muku wannan.

Ba na so ku tsani mutanen garinmu. Mutane ne da aka bari su kaɗai da gawarwakinsu, ƙofar da za su buga tana nesa, wanda ke kusa kuma ya ce ba aikinsa ba ne. Na san zafin da ya sa su yin layi, don ni ma ina cikin layin. Ba na kuma so ku ɗauke ni wani gwarzo. Na gaji da wannan magana, na gaji da juya ta a raina ina kasa tattasai. Sau da yawa idan aka kawo labarin an tare hanya, sai in tambayi kaina ko na saki wanda bai kamata ba.

Shekara shida bayan tasowarmu aka aiko mini cewa Yaya Mamman yana kwance a Yasore, gidan 'yarsa, ciwon ciki ya ci ƙarfinsa, kuma ya ce a kira ni. Na rufe kayana da buhu na hau babur. Na same shi a rumfa a kan katifa, rana tana dukan ƙafafunsa. Na durƙusa na gaishe shi. A karon farko cikin shekarun nan ya amsa, har ya tambayi Lantana da ku, kowa da sunansa. Ya sa aka ba mu wuri. Kaji suna tono a gefenmu.

"Isiya."

"Na'am, Yaya."

"Tsakaninka da Allah. Ka tabbata ba shi ba ne?"

Na so in ce masa na tabbata, don ya samu abin riƙewa, ni ma in samu. Amma mutumin yana bakin tafiya.

"Ban tabbata ba, Yaya. Har yau ban sani ba."

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, ko kuma ya koma fushinsa. Can sai ya yi magana, murya ƙasa ƙasa, ba tare da ya buɗe idon ba.

"Ni ma ban tabbata shi ne ba. Tun ranar. Waɗanda suka kashe mani yaro suna cikin daji, hannuna ba ya kai gare su. Shi kuwa yana zaure."

Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba, ban kuma ce na yafe masa ba. Muka zauna haka har inuwa ta juya ta bar rumfar. Sai ya motsa, ya miƙo mini hannu.

"Ɗaga ni, Isiya. Bayana ya gaji."

Na sa hannu biyu na ɗaga shi na jingina shi a ƙirjina. Ba shi da nauyi ko kaɗan.